An bar jaki ana dukan taiki: majigin da ya cinye ƙwai uku a Maraɗi

Kwana kaɗan bayan ƙaramar salla ta 2024, lokacin da zafin Afrilu ke korar mutane daga ɗaki zuwa tsakar gida, wani Alhaji mai gidan kallo a unguwar Zariya ya turo mini ɗan ƙanwarsa a kan moto, da majigi naɗe cikin bargo. Saƙon gajere ne: in sa wa majigin sabon ƙwan fitila, kuma in samo na kirki wannan karon, don an gaji da jabu. Ni sana'ata gyaran tele da rediyo da irin waɗannan na'urori. Na tambayi yaron ƙwai nawa aka canza, ya ce uku tun watan Agusta. Sai na ce masa ya bar majigin ya kwana, ya gaya wa kawunsa zan zo da kaina in ga inda ake kunna shi.

Dalilina lissafi ne kawai. Gidan na aiki kamar awa 5 kowane dare. Daga Agusta zuwa Afrilu wata takwas ne, wato kwana 240, wanda ya ba da awa 1200. Irin wannan ƙwai, wanda mu a nan muke ce wa ampul, masu yinsa kan rubuta masa awa 3000 zuwa 5000 kafin haskensa ya ragu zuwa rabi. Ko da an yi rashin sa'a da jabu sau ɗaya, ƙwai uku a cikin awa 1200 ba laifin ɗan kasuwa ba ne shi kaɗai. Akwai abin da ke cin su.

Gidan kallon zaure ne dogo mai rufin kwano, ba silin, da bencina da za su ɗauki mutum ɗari da ɗoriya idan an matsu. Ana kallon ƙwallon Turai, ranakun da babu wasa a sa fim ɗin Hausa ko na Indiya mai fassara. Wani lokaci ana hayar majigin zuwa biki, ko a tafi da shi Tibiri ko Madarunfa don nunin wayar da kai a dandali. Bangon gaba an shafe shi da farin fenti, shi ne allon. Majigin kuma yana zaune a sama, cikin akwatin ƙarfe da Alhaji ya sa mai walda ya ƙera bayan an taɓa yi masa sata, an ɗaure shi da kwaɗo, tazarar da ke tsakaninsa da kwano ba ta kai kamu biyu ba. Akwatin yana da rami ɗaya babba a gaba don haske ya fita, da 'yan huda a gefe waɗanda yatsa ba zai shiga ba. Da na hau tsani da la'asar na taɓa shi, sai da na janye hannu, alhali ba a kunna komai ba tun daren jiya.

Kokensu uku ne. Majigin na mutuwa da kansa bayan minti ashirin ko talatin. Hoton ya dushe, sai an toshe kowace kafa da buhu kafin a ga ƙwallo. Sannan tsakiyar allon ya koma rawaya, da wasu ɗigo-ɗigo masu launi kamar an yayyafa ruwan bula. Duk ukun Alhaji ya ɗora su a kan abu biyu: ƙwai marar kyau, da sakacin yaron nan ɗan ƙanwarsa, wanda shi ke kunna majigin. Har ya fara neman wanda zai maye gurbinsa.

Sai an koma baya kaɗan kafin a fahimci wahalar da na'urar ta sha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, kuma kuran ɗin Maraɗi, wato wutar lantarkinta, ta layin Katsina yake zuwa. Har zuwa Maris na 2024, bayan CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a ƙarshen Fabrairu, gidan kallon kusan kullum a kan ɗan ƙaramin gurup yake, wato janareta. A tsakiyar wannan aka yi gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa, daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu, cikin tsananin hunturu, ƙura na shiga ko'ina har cikin tukunya. Najeriya ta kai wasan ƙarshe, masu masauki suka ci ta 2 da 1, kuma duk wanda ya san Maraɗi ya san yadda gidajen kallo suka cika a wannan watan. A zagayen farko wasa biyu ko uku ake yi a rana, majigin na kunne tun rana tsaka ƙarƙashin kwano. Ƙwai na biyu a cikin gasar ya fashe.

A shago na fara da gwaji mafi sauƙi. Na kunna shi yadda aka kawo shi, a kan tebur, ina duba agogo. Fankar ciki ta tashi da kuka kamar za ta tsinke, minti ashirin da 'yan kai hoto ya ɗauke. A saman irin waɗannan na'urori akwai ƙananan fitilun gargaɗi, ɗaya ta ƙwai, ɗaya ta zafi. Ta zafi ce ta kama ja. Yaron bai taɓa ganin ta ba, tunda tana cikin akwati a sama, mabuɗin kuma yana aljihun kawunsa. Majigin ba lalacewa yake yi ba a lokacin, kare kansa yake: akwai ɗan ma'aunin zafi a ciki, idan ya wuce iyaka sai ya kashe ƙwan.

Na bar shi ya huce, na zare matatar iska da ke gefe. Asalinta soso ne mai laushi da iska ke ratsawa. Abin da na ciro ya fi kama da ɓallin bangon laka, jar ƙura ta haɗu da hayaƙin gurup ta daskare, ko hasken tocila ba ya wucewa. Na sake kunna shi ba matata, don gwaji kawai, a ɗaki rufe. Ya yi awa ɗaya da rabi bai ce uffan ba. Koke na farko ya warware ke nan, kuma ƙwai bai da hannu a ciki.

Da na tambayi yaron ko ya san da matatar, ya ce wani rubutu yakan fito a allo yana hana mutane kallo, shi kuma ya gano maɓallin da ke kore shi. Rubutun na cewa a share matata ne. Haka ma agogon da ke ƙirga awannin ƙwai, ya sha mayar da shi sifili ba tare da ya san me yake yi ba, don haka babu wata shaida a cikin na'urar game da tsawon ran kowane ƙwai. Sai ya ƙara da abin da ya ɗauka zai wanke shi: ai shi yana kula da ƙura sosai, da hunturu ya shigo har tawul ya lulluɓa wa akwatin. Ban yi masa dariya ba. Wanda bai taɓa ganin cikin abu ba, haka hankali zai ba shi. Amma tawul ɗin ya toshe 'yan hudar da suka rage, iska mai zafi da fanka ta fitar ta dawo ta sake shiga, majigi na shaƙar numfashinsa.

Maganar rawaya ta fi tsada, kuma sai an san yadda hoton ke haɗuwa. Wannan majigin na LCD ne mai gilasai uku. Farin hasken ƙwai na bi ta wasu madubai na musamman da ke raba shi gida uku, ja da kore da shuɗi. Kowane launi na ratsa nasa ɗan gilashin hoto, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, da wasu siraran faifai masu tace haske a gaba da bayansa, sannan ukun su sake haɗuwa cikin dunƙulen gilashi su fita ta idon majigi. Hanyar shuɗi ita ce ta fi shan wuya, don hasken shuɗi ya fi ƙarfin cin abu, kuma faifan tacewar ba ya jure zafi. Idan ya ƙone, shuɗi ya ragu a wurin, ja da kore suka rage, su kuwa haɗuwarsu rawaya ce. Da na buɗe na ciro shi, tsakiyarsa ta yi launin ƙanzo.

Ɗigo-ɗigon kuma ƙura ce a kan gilasan hoto. Yadda ta kai can shi ya fi ba ni haushi. A watan Disamba wani ya ba da shawara a kai majigin wurin mai faci a hure shi da injin iska. Iskar mai faci tana da ƙarfi, tana ɗauke da danshi da ɗan mai daga tanki. Ba fitar da ƙura ta yi ba, tura ta ta yi can ciki inda matata ke hana ta zuwa, ta manna ta a kan gilasai. Ta kuma juya fanka ɗaya fiye da ƙima har ta fara gurnani.

Saura ƙwan kansa. Ƙwan majigi ba irin na ɗaki ba ne. Ɗan ƙaramin kwalba ne mai tururin zaiba, da tsinken ƙarfe biyu da ke fuskantar juna, tazararsu kamar milimita ɗaya. Wuta ce ke tsallake wannan tazarar ta ba da haske, kuma idan ya yi zafi matsin da ke ciki yakan kai ninki 200 na iskar da muke ciki. Kamfanin Philips ne ya fito da irinsa a 1995. Abu biyu ne ƙwan ba ya so. Na farko a yanke masa wuta yana tsakar aiki, domin fanka na tsayawa nan take, zafin da ya tara ya rasa mafita ya bazu cikin madubai da faifai. Na biyu a sake kunna shi da zafinsa. Kafin ya kama sai an buga masa wuta mai ƙarfin dubban bolt, kuma idan bai huce ba yakan ƙi, a yi ta bugawa, kowane bugu na cin bakin tsinken.

Duka biyun kullum ake yi masa. Da alƙali ya hura tashi, Alhaji kan ce a kashe gurup, mai na tsada. Idan kuma man ya ƙare ana tsakar wasa, gurup ya yi ta sama da ƙasa kafin ya mutu, mutum ɗari na ihu a kan yaro ɗaya, shi kuma da an zuba mai an ja igiya sai ya danna maɓalli, ya danna, ya sake dannawa. Ƙwai na uku da na samu a ciki ma tsirara aka sayo shi, ba tare da gidansa ba, lokacin iyaka na rufe kaya sai ta ɓarauniyar hanya. Wat ɗinsa bai yi daidai da na na'urar ba, ga shatin yatsu ya ƙone a jikin gilashinsa. A nan kam Alhaji na da gaskiya, an sayar masa da abin banza. Amma da na asali aka sa, da shi ma bai kai damina ba.

Gano ciwon bai ba ni wuya kamar faɗarsa ba. Akwatin dabarar Alhaji ce, kashe gurup umarninsa ne, mabuɗi na hannunsa. Mutum ne da ya girme ni, kuma ya riga ya yanke wa yaro hukunci. Da na koma da daddare na shimfiɗa matatar da faifan a kan benci, na fara kewaye-kewaye, sai ya katse ni.

"Malam, ni dai gaya mini kuɗin ƙwai. Wannan yaron ne ba ya jin magana."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi yadda ka ce haka nake yi."

Wanda ya raba gardamar shi ne tsohon da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa, kowa Baba yake ce masa. Ban san tarihinsa ba sai ranar. Ashe a ƙuruciyarsa ya yi aikin ɗakin inji a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen silima na garin, zamanin fim mai faɗin milimita 35. Ya ɗauki matatar ya jujjuya, ya ce, "Alhaji, dokin da ya yi sukuwa ba a ɗaure shi nan take, sai an zaga da shi ya sha iska. Kai kuwa naka a cikin tanda ka ɗaure shi." Alhaji ya yi shiru. Abin da ni ba zan iya faɗa ba, furfura ta faɗa.

Daren nan na daɗe tare da Baba, kuma rabin tsarin da muka kafa daga bakinsa ya fito. A zamaninsu inji biyu ne a ɗaki, kowane faifan fim na ɗaukar kamar minti 20, hoto 24 na wucewa cikin daƙiƙa guda. Idan faifai ya kusa ƙarewa wani ɗan ɗigo na bayyana a kusurwar sama ta dama, shi ne alamar a tayar da inji na biyu. Hasken daga sandunan gawayi biyu yake, suna ci suna raguwa, mai aiki na matso da su. Bayan kowane faifai sai an share ƙofar da fim ke bi da buroshi, don ɗan datti guda zai ja layi a fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, fim kuwa na haya ne, wani gari ke jiransa. Idan ya tsaya cak a gaban haske, nan take zai narke a idon jama'a. Kuma akwai littafi. Ranar da aka zuba mai, ranar da aka canza bel, duk a rubuce. Ya ce mini, "Ɗana, mu injinmu idan ba shi da lafiya da kunne muke ji. Naku na yanzu shiru yake yi, shi ya sa kuke mantawa da shi." Na ɗan ƙi yarda, don fankar wannan ta yi wata uku tana kuka. Hayaniyar 'yan kallo ce ta rufe ta.

Gyaran da na yi bai da yawa. Na share ciki da ɗan famfon roba na hannu da buroshi mai laushi, ina riƙe da fikafikan fanka kada su juya. Na canza fankar da ke gurnani da matata. Faifan shuɗi ba a samunsa sabo a nan, sai da na aika Kano aka ciro mini daga mataccen majigi irinsa. Ƙwai kuwa na dage sai mai gidansa, mai lambar da ta dace, na sa shi ban taɓa gilashin ba, sannan na mayar da agogon sifili, wannan karon da dalili. Na sa na'urar a yanayin tsimin haske, wanda ke rage wa ƙwai wuta ya ƙara masa kwana. Na kuma kunna tsarin da aka tanada don garuruwan kan tudu, inda iska ba ta da kauri. Maraɗi ba tudu ba ce, amma tsarin na sa fanka gudu sosai, mu kuma abin da muke so ke nan, tunda yawancin waɗannan na'urori an yi su don zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, bazararmu kuwa tana haura haka tun kafin a sa kwano a lissafi.

Mai walda ya yanke gefen akwatin da bayansa ya sa raga mai faɗin ido, aka sauko da shi kamar kamu uku daga rufi, aka kafa allon katako tsakaninsa da kwano. Mabuɗi na biyu ya koma hannun yaro. Wannan ma sai da Baba ya sa baki.

Kan wuta muka fi ja-in-ja. Alhaji na son regilata, na'urar daidaita ƙarfin wuta, don ya fi araha. Na ce masa majigin da kansa yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, raguwar kuran ba ita ce ke kashe shi ba, yankewa ce. Abin da ake bukata ondila ne, na'ura mai batir da ke ci gaba da ba da wuta idan ta yanke, ba don a ci gaba da kallo ba, don a sami minti biyar a kashe da maɓalli fanka ta gama aikinta. Majigin na cin kamar wat 300, saboda haka na ce shi kaɗai za a jona, ban da lasifika da firjin sayar da ruwa. Na farko da muka gwada ya ƙi amincewa da wutar gurup, ya yi ta komawa kan batir yana ƙara har ya zuƙe. Ƙananan gurup ba sa riƙe bugun wuta daidai a kan sau 50 a daƙiƙa, wasu ondila kuma ba sa haƙuri da haka. Sai da aka musanya shi da wani mai sassauci, aka kuma gyara gudun gurup ɗin.

Ya tambaye ni ko ya sayar ya sayi irin na DLP, wanda ke aiki da dubban ƙananan madubai, fasahar kamfanin Texas Instruments. Gaskiya da yawansu hanyar haskensu a rufe take, ƙura ba ta cika yi musu ɗigo ba. Amma suna da faifan launi mai juyawa da shi ma ƙura ke damu, kuma cikin wancan akwatin da su ma sun mutu. Masu hasken leza da ake rubuta wa awa 20,000 ba sa bukatar ƙwai, sai dai kuɗinsu ba na gidan da ake shiga da dala ashirin ba ne.

Yanzu akwai littafin 'yan lakwal rataye da igiya a jikin ginshiƙi. Yaron na rubuta lokacin kunnawa da na kashewa. Matata ana kakkaɓe ta kowace Juma'a, da hunturu kuma duk kwana uku. Idan wuta ta yanke ba a sake kunnawa sai an yi minti goma, kuma Baba ne ke tashi ya gaya wa jama'a, don shi ba a yi masa ihu. Idon majigi ba a goge shi da gefen riga. Idan ƙwai ya fashe, a cire waya, a buɗe ƙofofi, mutane su fita iska ta wuce saboda zaibar da ke ciki. Ranar da na biyu ya fashe a Janairu babu wanda ya motsa daga benci, ana jiran a kawo tele daga gida.

Na leƙa su a ƙarshen damina. Littafin ya nuna awa 700 da 'yan kai a kan ƙwai guda, majigin bai mutu da kansa ko sau ɗaya ba. Shafukan watan Agusta akwai giɓin kwana tara, yaron ya ce ya je ƙauye noma, wanda ya riƙe masa bai iya rubutu ba. Rawayar ba ta tafi duka ba, domin zafin ya taɓa gilashin hoton kansa, shi kuwa canza shi ya kusa kuɗin wani majigin na hannu. A kan ciyawar fili ba a ganinta. Sai an sa fim ɗin Hausa, wani ya fito da farar babbar riga, za ka ga kamar ya zauna kusa da murhu. Batirin ondilan kuma ya fara rauni, na gwada shi bai kai minti huɗu ba. Na gaya wa Alhaji, ya ce bari a sayar da gyaɗa tukuna.